Shehu Abdullahi Ɗan Fodiyo (RTA): Malamin da ya tsare zuciyarsa har ta gaji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk muridin da ya karɓi wuridi da gaske ya san wani hali da yake zuwa bayan 'yan watanni. Da farko zikiri yana da zaƙi, lokaci yana wucewa ba a sani ba. Sannu a hankali sai abin ya yi nauyi. Mutum yana lura da harshensa, yana lura da idonsa, yana bincikar niyyarsa a kan kowane aiki, har ya wayi gari zuciyarsa ta yi laushi kamar wanda ya wuni yana noma a rana. Zaman da bai wuce tsakanin sallar Asuba da hudowar rana ba sai ya zame masa kamar yini guda. Malaman tasawwufi suna kiran wannan futuri, wato sanyin jiki da yake biyo bayan himma. Da yawa daga cikin matasan 'yan'uwa suna ɗauka alama ce ta cewa an kore su daga ƙofa. Rayuwar Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, tana da amsa a kan haka, domin shi ma wannan hali ya same shi, kuma ya same shi a lokacin da yake waziri kuma jagoran runduna.

An haife shi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wato wajen 1766, a ƙasar Gobir, cikin gidan malaman Toronkawa. Wansa Shehu Usmanu Mujaddadi ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a wajen mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai mahaifin ya damƙa shi a hannun Shehu. A wajen Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan farko, da Ajuruma, da Ahalari da Ishmawi da Risala, da littattafan tauhidi na Imamu Sanusi, ya kuma sha ilimin tasawwufi da ladubban ɗariƙar Ƙadiriyya. Ya saurari Sahihul Buhari a wajen Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna gaban Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin da ya yi tasiri a kan shi da wansa baki ɗaya. Shi da kansa ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a cikin Ida'un Nusukhi. Wanda ya duba wannan littafi zai ga mutum ne mai lissafi, ba ya barin abu ya wuce shi bai rubuta daga ina ya samo shi ba.

Wannan ɗabi'a ta lissafi ita ce mabuɗin fahimtarsa. A makarantar da ya tashi, littattafan Imamu Gazali suna da babban matsayi, kuma a cikin Ihya'u akwai babi sukutum a kan muraƙaba da muhasaba. Gazali ya kwatanta mumini da ɗan kasuwar da yake da abokin ciniki maras amana, wato ransa. Da safe zai gindaya masa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare ya zauna ya yi lissafi da shi, in ya same shi da ha'inci ya hora shi, ya matsa masa, ya yi masa faɗa. Tun kafin Gazali, Harisul Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 243 bayan Hijira, ya samu laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi. Shehu Abdullahi a kan wannan tafarki ya ginu. Shekarun da ya yi yana bin Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, yana taya shi rubutu, yana mayar wa masu suka da martani cikin waƙar Larabci, shekaru ne da wannan tsari ya zauna masa daidai. Akwai lokacin karatu, akwai lokacin wuridi, akwai lokacin wa'azi, abokan zama kuma ɗalibai ne da malamai waɗanda kowa yake tunatar da ɗan'uwansa.

Yaƙi ne ya rushe wannan tsari. A watan Fabrairu na 1804 Jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, Shehu Abdullahi yana cikin na farkon da suka yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na wannan shekara ya jagoranci rundunar da ta karya Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Kafin shekarar ta ƙare aka yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane kimanin 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 aka ci Birnin Kabi, kuma yana cikin jagororin wannan yaƙi, amma a ƙarshen shekarar aka sake shan kashi a Alwasa. A takarda waɗannan sunayen wurare ne da shekaru. A zuciyarsa kuwa, kowane suna kabarin abokan karatu ne. Waɗanda suka taso tare da shi a gaban Shehu, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito, su ne suka fi faɗuwa a sahun gaba. Gurabensu kuma sai wasu suka cike, mutanen da nasara ta jawo, waɗanda ganima ta fi damunsu da karatu.

A nan ne nauyin ya ninku. Da can ransa kaɗai yake tsaro. Yanzu shi ne waziri, shi ne alƙalin da ake tambaya a kan rabon ganima, shi ne zai hana mayaƙi mai jin yunwa taɓa dukiyar garin da aka yi amana da shi. Kuma a cikin duk wannan yana bincikar kansa: wannan fushin da ya yi, don Allah ne ko don an ƙi jin maganarsa? Wannan dokin da ya hau, buƙata ce ko ado? Mutum yana iya riƙe igiyar doki ɗaya mai ƙarfi tsawon yini. In aka haɗa masa da na jama'a, hannu zai sage.

A shekara ta huɗu bayan hijirar Gudu, wajen 1807, runduna ta fita za ta Alƙalawa, babban birnin Gobir, shi ma yana ciki. A hanya sai zuciyarsa ta juya. Ya ba da labarin da kansa a cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa a ciki tare da bayanin dalilin kowace ɗaya, wanda ya rubuta a 1813. Ya nuna cewa ya ga zamani ya sauya, 'yan'uwa sun karkata ga duniya, suna ja-in-ja a kan mulki da dukiya da matsayi, an yi sakaci da masallatai da makarantu. Sai tunani ya zo masa na ya bar ƙasa da dangi, ya fuskanci gabas, ya tafi wajen Fiyayyen halitta (SAW).

Wuri ɗaya a cikin wannan labari ya kamata muridi ya tsaya a kai. Shehu Abdullahi bai tsame kansa daga cikin waɗanda yake zargi ba. Ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya fi su laifi, ya ga cewa abin da yake gani a jikin wasu bai zame masa tsawa ba. Mai neman girma in ya yi fushi ya bar jama'a, yakan tafi ne yana ganin ya fi su tsarki. Shi kuwa ya tafi ne saboda ya leƙa cikin zuciyarsa ya hango irin cutar da ta kama sauran tana neman shiga, ya ji kuma ƙarfin tare ta yana ƙarewa. Wannan shi ne amfanin muraƙaba, kuma shi ne tsadarta. Ita ta nuna masa haɗarin tun bai faɗa ba. Ita ce kuma ta gajiyar da shi har ya ga babu mafita sai gudu.

A lura da yadda gajiya ta taɓa ganinsa ga lokaci. Daga Gudu zuwa wannan rana shekara huɗu ce ba ta ma cika ba. Yaron da aka haifa ranar hijira bai isa shiga makarantar allo sosai ba. Amma shi yana magana a kan sauyin zamani kamar wanda ya rayu ƙarni guda ya ga jikoki sun watsar da tafarkin kakanni. Gaskiya ne abubuwa sun lalace, ba mafarki ya yi ba. Sai dai zuciyar da take ƙirga kowane motsi tana tara abubuwa da yawa a cikin ɗan lokaci, shekara huɗu sai ta yi mata tsawon arba'in. Ga shi kuma mutanen wancan lokaci suna cikin farkon ƙarni na 13 na Hijira, zancen kusantowar Mahadi da ƙarewar duniya yana bakin kowa, tafiya gabas tana cikin zukata. Baya ta yi masa tsawo, gaba ta yi masa gajarta. Wanda yake cikin wannan matsi, kowace rana da ya ƙara a cikin runduna asara ce a wurinsa.

Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun taɓo gefen wannan magana. A 1998 Roy Baumeister da abokan aikinsa a Amurka suka kawo ra'ayin cewa kamun kai yana da ƙarfi mai ƙarewa, wanda ya yi amfani da shi a kan abu ɗaya zai yi rauni a kan na biyu. A 2003 Kathleen Vohs da Brandon Schmeichel suka nuna cewa mutanen da aka sa su danne abin da suke ji yayin wani aiki sun ɗauka aikin ya daɗe fiye da yadda ya daɗe a agogo, domin mai sa wa kansa ido yana sa wa lokaci ido. Daga baya, a 2016, aka sake gwada ra'ayin ƙarewar ƙarfin a ɗakunan bincike 23, sakamakon bai fito da ƙarfi ba, har yanzu kuma masanan suna muhawara. Muridi ba ya buƙatar jiran su gama. Duk wanda ya taɓa zama yana jan carbi yana leƙen agogon waya ya san minti goma yana iya zama dutse.

Shehu Abdullahi ya bar rundunar tare da mutum biyar. Suka shiga daji, suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga sawun kowa ba sai sawun giwaye masu yawa. Abin lura ne cewa bayan shekara shida, da ya zauna rubuta tarihin yaƙe-yaƙe da manyan al'amura, waɗannan darare uku da sawun giwayen ba su ɓace masa ba. Bayan shekaru na hayaniyar sansani, wannan ne karon da babu wanda zai yi wa hukunci, babu ganimar da za a raba, babu wanda zai tsawata wa. Daga nan suka fita zuwa garuruwa, har suka isa Kano.

A Kano aka tare shi. Jama'ar Shehu sun riga sun karɓi birnin, amma al'amuransu sun rikice, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda za su tsayar da addini. Da ya duba sai ya ga abin da ya guda a yamma shi ne ya tarar a gabas: son duniya, da jayayya, da shagala. Ya gaya musu haka ƙarara. Suka nace. A nan tafiyar Madina ta tsaya, kuma a nan ne, in an lura, ya samu maganin da daji bai ba shi ba. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen shugabanci da shari'a, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Mutane suka tuba, suka farfasa kayan kiɗan da ya tarar da su, har itacen ganguna aka mayar abin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan ya juya ya koma wajen Shehu.

Me ya sauya? Duniya ba ta gyaru ba, shi ma bai daina ganin aibinta ba, domin rubuce-rubucensa na baya sun fi na farko zafi. Abin da ya sauya shi ne inda ya ajiye idonsa. Tafsirin Alƙur'ani daga Fatiha zuwa Nasi aiki ne mai zama a kan lokaci: yau an tsaya a nan, gobe za a tashi daga nan. Mai irin wannan aiki ba ya tambayar kansa sau ɗari a yini ko yana kan daidai, domin aikin da kansa ya riƙe shi. Malaman ɗariƙa sun daɗe suna rarrabe abu biyu da sunansu ɗaya. Akwai muraƙabar da bawa yake kallon kansa, akwai wadda yake halarto da cewa Allah Yana kallonsa. Ta farko dole ce ga mai farawa, amma in ta yi yawa ba tare da ta biyu ba sai ta koma waswasi, mutum ya zama mai gadi da ɓarawo a lokaci guda, ba barci. Ta biyu tana kawo kunya da natsuwa tare, kuma a cikinta lokaci yakan yi sauƙi, domin hankali ya bar ƙirga. Hikimar da ta sa shehunai suke ɗaure wuridi da adadi da lokaci ke nan, bayan salloli, ba su bar muridi ya yi ta yi har ya faɗi ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa tsananinsa bai tafi ba. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, aka shiga tsara mulki, ya saɓa da wansa da kuma ɗan wansa Muhammadu Bello a kan wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta, da sa tufafin ƙawa ga shugabanni, da kaɗe-kaɗe. Shehu a cikin Najmul Ikhwani ya sassauta, yana duban raunin mutane da saɓanin malamai. Shehu Abdullahi a cikin Liya'us Sulɗani ya tsaya a kan abin da ya fi tsantseni. Ba a ga ɗayansu ya yanke zumunci ba. Ana iya cewa Shehu ya fi sanin iyakar abin da jama'a za su iya ɗauka, ƙanen kuma ya fi jin tsoron ƙofar da in aka buɗe ta ba ta rufuwa. Abin da ya biyo baya a tarihin masarautu ya nuna tsoron nasa ba na banza ba ne.

Wannan bangare na rayuwarsa yana da ma'ana ta musamman ga 'yan'uwa na Hawandawaki da Tasawa da Mayahi da sauran jihar Maraɗi. A daidai shekarun da yake Kano ne Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, sarakunanta na da suka yi arewa, daga baya suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Kakannin mutane da yawa a wannan yanki suna ɗaya gefen yaƙin ne, kuma labarin da aka gada a gidaje ba irin na Sakkwato ba ne. Duk da haka babu abin da zai hana jikokinsu amfana da malamin da ya fi kowa fitowa fili ya faɗi laifin ɓangarensa tun yaƙin bai ƙare ba, ya kuma fara da kansa.

Jarrabawa mafi girma ta kamun kai ta zo masa ne a 1817. Tun 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, Shehu Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Shi ne ƙanen Shehu, shi ne waziri, shi ne jagoran Tabkin Kwatto, kuma babu wanda ya kai shi ilimi a cikin waɗanda suka rage. Ya juya ya tafi Gwandu. Abin ya yi masa ciwo, kuma an yi 'yan shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan wansa. Amma bai tara runduna ba, bai kira kowa ga tawaye ba. Da mutanen Kalambaina suka tayar masa, Bello ya kawo masa gudummawa, aka ci garin wajen 1820. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai baffan ya yi masa ishara da ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Mutumin da a 1807 gajiya ta sa shi barin runduna cikin daji, shi ne ya riƙe wannan ɗaci shekara uku bai bar shi ya zama fitina ba, sa'an nan ya ajiye shi a gaban jama'a.

Shekarun nan na ƙarshe su ne mafi albarka a alƙalaminsa. Ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a shekara ta 1231 bayan Hijira, wanda aka buga a Alƙahira cikin mujalladi huɗu a 1961. Da ya ga ya yi wa ɗalibai nauyi, sai ya taƙaita shi a cikin Kifayatu Du'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda mutanen ƙasar nan suka saba da su. Wanda ya san gajiya a jikinsa ne yake tuna masu rauni irin haka. Ya yi Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, dukansu a waƙe. A fannin gyaran zuciya ya bar Maɗiyyatuz Zadi a kan zuhudu da guzurin lahira, da Tahzibul Insani a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan, da Sabilun Najati. Harkokin mulki na yau da kullum kuwa ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari mafi yawansu, ya koma ga karantarwa da rubutu, irin zaman da ya sani tun yana ɗan shekara 13.

Allah bai nufe shi da isa Madina ba. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan Hijira, daidai da 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, aka binne shi a can, kuma har yau ana ziyartar kabarinsa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi masa waƙar makoki. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma ɗan'uwansa Halilu, wanda ya riƙi Gwandu daga 1833 zuwa 1858 kuma mutane suka shaide shi da tsoron Allah. Allah Ya ƙara wa Shehu Abdullahi yarda, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da Wanda ya yi niyyar ziyarta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.